Shinkafar Okabe

Takardar ta girme ni.
A akwatin Baba na tsince ta,
ƙarƙashin katin aikinsa na matatar mai,
ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi.
Rubutu biyu ne a jikinta:
na sama a tsaye, sawun kaza a rairayi,
na ƙasa hannun Baba, yana bin sa da Hausa:
nama, albasa, citta, sukari, baƙin ruwa.

Baƙin ruwa!
Sai da na taka har Barnawa
kafin mai kanti ya miƙo mini kwalba,
ya ce na waken suya ne,
ya faɗi kuɗin, na haɗiye yawu, na biya.

Sallau mahauci a Tudun Wada
ya dube ni ta saman wuƙarsa.
"Siriri kamar yaya?"
Na ce, yadda za a hango rana ta cikinsa.
Ya ce, "Ki fito fili, kilishi za ki yi."
Amma ya yanka, yana dariya,
har ya ɗora mini gyara.

Akwai layi guda da Baba ya soke,
ya rubuta a gefe da ƙaramin hannu:
wannan giya ce, a sa zuma da lemon tsami.
Na tsaya ina kallon sokewar.
Saurayi ne a lokacin. Ban san shi ba.

Shinkafar tuwo na wanke,
ita ce ba ta sakin 'yar'uwarta.
Albasa ta yi laushi, ta sha baƙi,
nama ya shiga ya naɗe kamar kunnen jariri.
Gwaggo Asabe ta tokare ƙofar kicin:
"Ba tattasai? Ba attaruhu?
Sukari a nama, Bilhatu?
Wa aka kwantar a asibiti?"
Ban tanka ba.
Shinkafa a ƙasa, nama a kanta,
romo ya bi lungu-lungu,
ƙwai huɗu na fasa a sama,
na tura tiren cikin tanda.
Gas ya fara lumshe ido,
na kwantar da tukunyarsa a gefe, na roƙe ta.
Ruwan Agusta yana dukan kwano.

Bayan isha muka zauna, mu tara.
Nafi'u ya ɓoye ƙullin yaji a aljihu,
yana zaton ban gani ba.
Baba, da yanzu yake kira na da sunan mahaifiyata,
da jiya ya tambayi wane gida ne wannan,
ya kai loma guda.
Ya tauna.
Ya daɗe yana tauna.
Cokula duk suka tsaya a hanya.

"Okabe ya fi sa citta."

Sai zance ya ɓalle kamar an cire toshiya:
ɗan guntun mutum mai farar hular kwano,
wanda bakinsa ya kasa Lawal,
shekara uku yana kiran sa Rawaru;
yadda ya koya masa cin tuwo da hannu,
miyar kuka na bin gwiwar hannunsa,
shi kuma ya ba shi tsinke biyu
suka hana shi ƙoshi wata guda;
ranar da zai koma, a filin jirgi,
ya yi ta sunkuyawa, Baba na cewa, tashi, ba kyau.

Baba ya miƙo kwano. "Ƙaro, Bilhatu."
Sunana. Nawa.
Na juya baya kamar ina neman ludayi.

Da dare na tarar da Gwaggo a kicin
tana kankare ƙanzon tiren da cokali.
"Kada ya lalace ne," in ji ta.

Na ɗauko takardar da biro.
A can ƙasa, inda ya rage wuri kaɗan,
na sa hannu na uku:
a ƙara citta.